Tambaya da Amsa: Wane Sito Zai Ba Wane Gari Taki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dilan takin zamani ne, ina da sito biyu, ɗaya a Ringim ɗaya a Haɗejiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban abin da ke cinye mini riba. Yanzu haka ina da buhu 500 na kamfa a Ringim da buhu 300 a Haɗejiya, kuma na yi wa ƙananan dilolina alkawarin buhu 200 a Taura, 300 a Kafin Hausa, 300 a Birniwa. Daga Ringim ana kai mini buhu ɗaya Taura a kan naira 300, Kafin Hausa 800, Birniwa 1,500. Daga Haɗejiya kuwa Taura naira 800 ce, Kafin Hausa 400, Birniwa 600. Abin da na saba yi shi ne in fara da inda ya fi arha, wato kayan Haɗejiya su tafi Kafin Hausa, na Ringim kuma su biya wa Taura da Birniwa. Ɗana da ke karatun lissafi a jami'a ya ce akwai ilimin da ake tsara irin wannan rabo da shi don kuɗin dako ya ragu. Shin gaskiya ne, ko kuwa abin manyan kamfanoni ne da bai shafi irinmu ba?
Daga wani dila a Ringim, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ɗanka ya faɗa maka gaskiya, kuma na ji daɗin wasiƙarka ƙwarai saboda ka haɗo ta da alƙaluma, domin yawancin masu aiko da irin wannan tambaya sukan tsaya a kan kukan tsadar mota ba tare da sun faɗi nawa suke biya zuwa kowane gari ba. Da abin da ka rubuto kaɗai za mu iya tsare naira 150,000 da ke shirin zurarewa daga hannunka a wannan zagaye, kuma ba sai ka roƙi ragin ko kwabo wajen direba ba.

Mu fara da tsarin da ka saba. Buhu 300 daga Haɗejiya zuwa Kafin Hausa a kan naira 400 ya kama naira 120,000. Buhu 200 daga Ringim zuwa Taura a kan 300 ya kama 60,000. Buhu 300 daga Ringim zuwa Birniwa a kan 1,500 ya kama 450,000. Jimilla naira 630,000 ke nan. To, a juya rabon: kayan Haɗejiya su tafi Birniwa a kan 600, wato naira 180,000, Ringim kuma ta ɗauki nauyin Kafin Hausa a kan 800, wato 240,000, Taura ta zauna yadda take a kan 60,000. Jimilla ta sauko zuwa naira 480,000. Kowane dila ya sami adadin da aka yi masa alkawari, motocin su ne dai waɗanda ka saba ɗauka, farashinsu bai motsa ba, amma naira 150,000 ta rage a aljihunka.

Abin da ya sa tsarinka na farko ya yi kama da daidai shi ne ido yakan faɗa kan lamba mafi ƙanƙanta. Ka ga 400 a gaban Kafin Hausa, ka ga 600 a gaban Birniwa, sai zuciya ta ce a bi 400. Amma kayan Haɗejiya ba za su ishi garuruwan biyu ba, dole ɗayansu ya karɓa daga Ringim, don haka tambayar da ta kamata ita ce: wane gari ne zai fi jawo mini asara idan na hana shi kayan Haɗejiya? Idan ka hana Kafin Hausa, ƙarin naira 400 za ka biya a kan kowane buhu, bambancin da ke tsakanin 800 da 400. Idan ka hana Birniwa, ƙarin 900 ne, bambancin 1,500 da 600. Duk buhun da ka karkatar daga Kafin Hausa zuwa Birniwa, ka yi asarar 400 a nan ka ci ribar 900 a can, saura 500 a hannunka, kuma 500 sau 300 ita ce naira 150,000 ɗin da muka gano. Bambancin farashin sito biyu zuwa gari ɗaya shi ake dubawa, ba arhar tafiya ɗaya ita kaɗai ba, kuma wannan ne abin da nake so ka riƙe ko da ka manta sauran bayanin.

Ilimin da ɗanka yake nufi shi ne lissafin kwararar kaya a kan saƙar hanyoyi, kuma manomin rani ya fi kowa saurin fahimtarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin magudanan ruwa na Kadawa, waɗanda ke sha daga madatsar Tiga, ko na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a wajen Auyo, ya ga yadda ruwa ke fitowa daga babbar magudana ya rarrabu zuwa ƙanana har ya isa gonaki. Ruwan da ya shiga mararraba dole ya fita ta ɗaya daga cikin rassanta, kowace magudana tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma kowace gona tana da gwargwadon abin da take bukata. Masana lissafi sun ɗauki sito a matsayin mafarin ruwa, garin mai saye a matsayin gona, hanyar mota a matsayin magudana, sannan suka ƙara abu ɗaya wanda ruwa bai san da shi ba, wato kuɗin da kowane buhu zai biya kafin ya ratsa hanyar. Aikin lissafin shi ne a nemo rabon da zai cika bukatar kowa, ba a ɗebi abin da ya wuce na cikin sito ba, ba a ɗora wa hanya abin da ya fi ƙarfinta ba, kuma jimillar kuɗin ta zama mafi ƙanƙantar da za ta yiwu.

Ba sabon abu ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaspard Monge ya yi rubutu a 1781 kan yadda za a kwashe ƙasa daga inda aka haƙa zuwa inda za a cike da mafi ƙarancin wahala. A 1930 wani masani a Tarayyar Sobiyet, A. N. Tolstoi, ya yi nazarin jigilar gishiri da siminti da wasu kayayyaki a jiragen ƙasa, kuma ya fara ne da irin matsalarka sak, wato mafari biyu da masu karɓa da yawa, inda ya nuna cewa a jera garuruwan bisa bambancin nisansu daga mafaran biyu. Daga nan ya warware wata babba mai mafari 10 da masu karɓa 68, da hannu, tun kafin zuwan kwamfuta. Frank Hitchcock ya tsara matsalar a Amurka a 1941 da siffar da ake koyar da ita a jami'o'i yau, George Dantzig ya fito da hanyar warware irin waɗannan matsaloli gaba ɗaya a 1947, sannan a 1975 aka ba Leonid Kantorovich da Tjalling Koopmans kyautar Nobel ta tattalin arziki saboda aikinsu kan rabon dukiya ta hanya mafi dacewa. Na kawo wannan tarihi ne don ka ga cewa abin ya samo asali daga dakon ƙasa da gishiri da siminti, kayan da ba su fi taki daraja ba.

Muddin sito biyu gare ka, dabarar bambanci ta wadatar, komai yawan garuruwan: ka rubuta bambancin kowane gari, ka jera su daga babba zuwa ƙarami, ka fara ba wanda bambancinsa ya fi girma daga siton da ya fi masa arha har kayan su ƙare. Idan Allah ya buɗa ka ƙara sito na uku, a ce a Gumel, jeri ɗaya ba zai wadatar ba, sai a koma gwajin musaya. Ka tsara rabo kowane iri wanda ya cika alkawuranka, sannan ka ɗauki buhu ɗaya a zuci ka ce: idan wannan sito ya karɓi garin wancan, wancan ya karɓi garin na uku, na ukun kuma ya karɓi garin na farko, nawa ya ƙaru, nawa ya ragu? Idan ragin ya fi ƙarin, ka yi ta musayar har iyakar buhunan da za ta ɗauka, sannan ka sake neman wata. Masana sun tabbatar da hujjar lissafi cewa ranar da aka rasa duk wani zagayen musaya mai rage kuɗi, to an kai ga rabon da babu wanda ya fi shi arha. Akwai kuma wata falala a wannan lissafi: idan kayan sito da bukatun garuruwa duk cikakkun buhuna ne, amsar ma a cikakkun buhuna take fitowa, ba za ta ce ka kai rabin buhu Taura ba.

Yanzu ga inda nake ganin ribarka ta gaba take, kuma ba ka tambaye ni shi ba. Ka ɗauki buhu 500 a Ringim da 300 a Haɗejiya kamar abin da aka yanke maka, alhali kai ne kake gaya wa tirela inda za ta sauke. Takin ba a sitonka aka haife shi ba. Yuriya daga kudu take tasowa, daga masana'antar Dangote a Lekki ta Legas ko ta Indorama a Eleme kusa da Fatakwal, kamfa kuma daga masana'antun haɗa taki, kuma tirela ɗaya takan ɗauko buhu 600 masu kilo 50. Ke nan saƙar hanyoyinka hawa biyu ce: daga inda kake saro kaya zuwa sito, daga sito zuwa ƙananan diloli. A sabon tsarin da muka yi, Kafin Hausa tana karɓa daga Ringim a kan 800 alhali Haɗejiya za ta iya kai mata a kan 400, wanda ke nufin duk buhun da aka sauke a Haɗejiya maimakon Ringim zai rage maka naira 400, har zuwa buhu 300. Sai ka tambayi mai tirela nawa zai ƙara a kan kowane buhu idan ya zarce Haɗejiya. Idan ƙarin bai kai 400 ba, zarcewar ta biya. A misali, idan ya ce 250, ka tsira da 150 a kowane buhu, wato naira 45,000 a buhu 300, da sharaɗin siton Haɗejiya yana da wurin ɗaukar su. Idan kuwa wurin ya yi kaɗan, wannan lambar ce za ta gaya maka iyakar abin da ya kamata ka biya na hayar ƙarin shago a can, kada kuɗin haya ya cinye abin da aka rage.

Amma dole in ja hankalinka kan alƙaluman kansu, domin lissafi ba ya gyara lambar da aka ba shi a karkace. Na taɓa wuni a wani siton taki ana lodi, yaron shago yana zaune a kan benci da littafinsa, yana jan layi ɗaya duk buhun da ya fita, kuma da aka gama sai ya rubuta kuɗin mota kaɗai a matsayin kuɗin dako. 'Yan dako shida da suka yi ta sunkutar buhuna tun hantsi an sallame su daga aljihun maigida ba a rubuta ba, ɗan kamasho ya karɓi nasa a tasha, buhu biyu sun yage a bakin ƙofa har ana share ƙwayoyin taki da tsintsiya ana zubawa a kwano, kuma duk wannan bai shiga littafi ba. Kuɗin kai buhu na gaskiya ya haɗa da lodi da sauki, da kamasho, da abin da ake karɓa a hanya da ƙofar kasuwa, da kuma asarar buhun da ya fashe ko ya jiƙe, wadda takan fi yawa a doguwar hanya mai gargada. Ka zauna da yaranka ku fitar da wannan lamba ga kowace hanya cikin shidan nan kafin ka amince da kowace amsa.

Haka nan, lissafin da muka yi ya ɗauka cewa ana biya ne a kan kowane buhu. Idan shatar mota guda kake yi, kuɗin ɗaya ne ko ta cika ko ba ta cika ba, kuma motar da ta tafi da rabin lodi ta ninka maka kuɗin kowane buhu. A irin wannan hali sai a daidaita rabon da cikin mota, wani lokaci ma ya fi arha a bar tsarin da takarda ta zaɓa da buhu ashirin ko talatin don a cika mota ɗaya a fasa ɗaukar ta biyu. Kayan dawowa su ma suna sauya farashi. Direban da ya san zai samo lodin riɗi ko zoɓo ko shinkafa a kan hanyarsa ta komawa zai yi maka sauƙin da ba zai yi ba idan zai dawo wayam, shi ya sa ranar kasuwa take da muhimmanci a tsarinka: motar da ta doshi Gujungu ranar Lahadi ko Maigatari ranar Alhamis ba ta cika rasa abin da za ta ɗauko ba.

Sai maganar damina, wadda ku mutanen bakin kogin Haɗejiya kuka fi ni sani. A 1956 wasu masana biyu a Amurka, Ford da Fulkerson, sun tabbatar da cewa iyakar kayan da za su iya ratsa saƙar hanyoyi daidai take da ƙarfin wurin da ya fi ƙunci a cikinta, komai faɗin sauran hanyoyin. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya ga wannan da idonsa, lokacin da kwalbati ɗaya da ruwa ya cinye ya isa ya raba gari da kasuwarsa, kaya su koma bin kwale-kwale. Don haka ka riƙe jadawali biyu, na rani da na tsakiyar damina, kuma garin da hanyarsa ke yankewa a watan Agusta a fara kai masa nasa tun kafin ruwa ya sauka sosai, ko da takarda ta ce a jira. Takin da ya isa bayan lokacin zuba shi ya wuce ba shi da mai saye, kuma dilan da ka bari manoma suka yi masa layi babu kaya zai nemi wani uban gida baɗi.

Game da kwamfuta, matsalarka ta yau ba ta bukatar ta, hanyoyi shida ne kawai. Idan harkar ta faɗaɗa, manhajar Excel tana da wani sashe mai suna Solver wanda ke karɓar lambobin da ake nema har 200, wato ya isa sito 5 da garuruwa 30 da sauran wuri, kuma LibreOffice Calc, wadda kyauta ce, ita ma tana da irinsa. Ɗanka zai iya tsara maka jadawalin a zama ɗaya, daga nan duk lokacin da farashin gas ya motsa sai a sauya lambobi a sake latsawa. Ka ba shi lambobin gaskiya, shi kuma ya zauna da direbobinka ya ji daga bakinsu wace hanya ce ke cin taya da wace ce ke da shinge da yawa. Allah ya yi masa albarka, ya kuma sa wa kasuwa albarka.

TAMBAYA: Mu ƙungiyar mata ce masu turara shinkafa a ƙasar Kura. Wurin aikinmu ɗaya ne, kuma kurkura ɗaya muke ɗauka ta kai wa masu shaguna a ƙauyuka takwas. Mai kurkurar yakan je kowane ƙauye ya dawo ya sake lodi, kuɗin yana yi mana yawa. Yaya za mu yi?
Daga shugabar wata ƙungiyar mata a Kura, Jihar Kano.

AMSA: Hajiya, sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara haɗa kanku. Matsalarku 'yar'uwar ta Alhaji ce amma ba ita ba ce, domin ku mafarinku ɗaya ne, abin da kuke nema shi ne waɗanne ƙauyuka za a haɗa a tafiya ɗaya. Wasu masana biyu a Ingila, Clarke da Wright, sun fito da wata dabara mai sauƙi a 1964 wadda har yau ake amfani da ita, kuma takarda da biro sun ishe ta.

A ce wani ƙauye yana da nisan kilomita 10 daga wurinku, wani kuma 12, tsakaninsu kilomita 4. Idan aka je kowanne aka dawo, an yi tafiyar kilomita 20 da 24, wato 44. Idan aka je na farko, aka zarce na biyu, aka dawo gida, an yi 10 da 4 da 12, wato 26. An rage kilomita 18, kuma hanyar samun wannan lamba kai tsaye ita ce a haɗa nisan ƙauyukan biyu daga gida, a cire nisan da ke tsakaninsu. Ƙauyuka takwas suna ba da haɗi bibbiyu guda 28. Ku fitar da ragin kowane haɗi, ku fara haɗa waɗanda raginsu ya fi yawa, ku ci gaba da ƙara ƙauye a bakin zagayen har sai kurkurar ta cika, sannan ku buɗe sabon zagaye da waɗanda suka rage. Wannan dabara ba kullum take ba da tsarin da ya fi kowanne ba, amma tana kusantarsa sosai, kuma ta fi je-ka-dawo nesa ba kusa ba.

Abu biyu za su taimaka muku. Ku roƙi masu shagunan da ke kan zagaye ɗaya su riƙa faɗin bukatarsu a rana ɗaya ta mako, domin haɗin ba zai yiwu ba idan kowa yana kira ranar da ya ga dama. Sannan ku sake ciniki da mai kurkurar a kan zagaye gaba ɗaya maimakon a kan kowane ƙauye, ku nuna masa lissafin kilomitocin a fili don ya ga cewa man da zai ƙona ya ragu, kuma idan zagayen ya bi ta wajen manoman da kuke sayen shanshera a hannunsu, ya ɗauko muku ita a hanyar dawowa a cikin cinikin.